Mai Busan Da Ya Ɓace A Falonmu

Duk wanda ya daɗe a maɗaba'a ya san yadda ake ƙarewa. Injin buga takardu ba ya cin yatsa sai na mai ganganci, amma kunne kam yana cin na kowa, a hankali, ba jini ba ciwo. Tsohon ogan da ya koya mini aiki, lokacin da ya yi ritaya sai ka tsaya a gabansa ka wage baki kafin ya gane gaisuwa kake yi. Ni ma na yi fiye da rabin rayuwata a gefen wannan inji, kuma abin toshe kunnen da ake raba mana kullum yana aljihuna sabo fil, taurin kai ya hana ni sa shi. Saboda haka ranar da na ɗora faifai a gida na ji babu jita a ciki, ban tsaya neman wani dalili ba. Na ce shi ke nan, layi ya zo kaina.

Ni mutumin kiɗan Turawan nan ne da ake kira rok, tsohon rok na faifan garmaho, wanda mai ganga ke jibgar fata kamar suna da tsohuwar gaba, mai jita kuma ya matsa wa wayoyi har sai sun yi kuka. Wan matata, wanda nake kira Yaya tun kafin a ba ni ƙanwarsa, mutumin kiɗan jaz ne. Gyaran agogo ne sana'arsa, yana da ɗan shago a ƙarƙashin wani bene, inda yake wuni da gilashi a ido ɗaya da agogo a jikin kunne. Yana da faya-fayai cike da kwali, amma na'urarsa ta jin faifai ta mutu tun yaransa suna firamare, ya ƙi gyarawa, ya ƙi sayen wata. Ni kuwa ina da na'ura mai kyau da lasifika biyu, amma faya-fayaina ba su fi a runguma da hannu ɗaya ba. Shi ya sa kowace Asabar da yamma yake hawowa benenmu da faifai ɗaya a hammata.

Muna da doka, kuma ba mu taɓa karya ta ba. Shi zai sa gefe ɗaya na nasa, ni in sa gefe ɗaya na nawa, kuma ba mai buɗe baki sai allurar na'urar ta ɗaga daga kan faifai. Bayan nan ne ake kwance wa juna zani. Yaya yakan ce mutanena abu uku kawai suka iya kaɗawa, sai su ƙara ƙara don kada a gane. Ni in ce mutanensa sun shiga ɗaki kowa da waƙar da ya taho da ita daga gida, ba wanda ya gaya wa wani. Nakan tsokane shi in ce abin kunya ne mai gyaran lokaci ya so kiɗan da bai san lokaci ba. Sai ya gyara zama ya yi mini lacca, wai mai gangar jaz ya fi agogon bango riƙe lokaci, don shi yana iya sakinsa ya je yawo ya dawo ya same shi inda ya bari. Ba wanda ya taɓa cin wani. A ɓoye kuwa, akwai faifansa ɗaya da nake so kamar raina, wanda muke kira Mai Tabon Shayi saboda zoben da gindin kofin shayi ya bari a bangonsa, kuma na sha kama ƙafar Yaya tana motsi a ƙarƙashin tebur in na sa nawa Mai Yagaggen Bango. Ko da wasa ba mu taɓa faɗa wa juna ba.

Matata ba ta shiga. Da ta ga wanta da faifai sai ta ce an zo ke nan, ta kawo mana shayi, ta koma kicin ta ja ƙofa. Ta ce rok ciwon kai ne na nan take, jaz kuma ciwon kai ne mai zuwa a hankali, ita dai Allah ya haɗa ta da miji da wa marasa tausayin kunnen jama'a.

To, a wannan shekarar aka yi wa falon fenti. An fitar da kaya, an mayar, matata ta sake tsari, lasifikan biyu suka tashi daga ƙasa suka koma saman kabad kafaɗa da kafaɗa, don ta ce a ƙasa ƙura kawai suke tarawa. Warin fenti ya hana mu zama na ɗan lokaci. Da ya lafa, wata yamma na dawo daga aiki, matata ta fita kasuwa, na ce bari in wanke kunnena da Mai Yagaggen Bango.

Na san wannan gefen fiye da yadda na san lambar wayata. Ganga ce ke farawa, bes mai kaurin murya ya biyo, mawaƙi ya yi baiti biyu, sannan a ɗan ja numfashi, jita ta shigo kamar an banko ƙofa. Na ji ganga, na ji bes, na ji mawaƙi. Aka ja numfashi, na ɗaga hannu ina jira, ba a banko komai ba. Can ƙasa-ƙasa ina jin wani ɗan siririn abu, kamar rediyon maƙwabta ta bayan bango. Na ƙara murya, ganga ta cika ɗaki, jita tana nan inda take. Na sa wani faifan, shi ma haka, ƙasa tana nan, sama babu.

Nan take maganar ma'aikaciyar lafiyar da ke zuwa maɗaba'armu ta faɗo mini. Ta ce siraran sautuka ne ke fara tafiya, mutum yana jin magana lafiya lau, bai san an fara yi masa sata ba. Lokacin da take faɗa ina can baya ina dariya da abokan aiki. Na kashe na'urar na zauna. Na tsorata, tsoron da ban yi irinsa ba ko ranar da takarda ta kama wuta a wurin aiki.

Ban gaya wa kowa ba. Na koma gwada kunnena a ɓoye kamar ɓarawo. In shiga banɗaki in kaɗa yatsu a dama, in kaɗa a hagu. In buga cokali a jikin kofi in kasa kunne. Wani lokaci in ji daidai in ɗan samu sanyi, wani lokaci in ce ai da ya fi haka ƙara. Matata ta yi magana daga ɗaki ban gane ba, abin da yake faruwa tun muna amarya da ango, sai gabana ya faɗi. A wurin aiki na fito da abin toshe kunnen na sa, abokan aiki suka yi ta tsiya, wai dattijo ya tuba bayan an rufe kotu. Asibiti kuwa ban je ba, don in na je za a faɗa mini, kuma in aka faɗa ya zama gaske. Abin da ya fi cin raina ba aikin ba ne. Asabar nake tunani, da yadda zan zauna gaban Yaya ina kallon faifai yana juyawa kamar mai kallon fanka.

Asabar ta zo, Yaya ya hawo da Mai Tabon Shayi, sai ka ce ya sani. Ya goge shi da hankicinsa, ya sauke allura da wannan hannun nasa na mai agogo, ya zauna. Bes ya fara tafiyarsa, mai ganga yana shafa fata da ɗan burushinsa, piyano yana ɗiga. Wurin da mai busa ke shigowa ya zo, wannan doguwar busar da ke fara siririya sannan ta buɗe. Ban ji komai ba sai wannan rediyon maƙwabtan.

Na saci kallon Yaya. Idonsa a rufe, ya ɗaga yatsa ɗaya sama daidai inda ya saba ɗagawa, yana girgiza kai a hankali. Ɗan sauran fatan da nake da shi, cewa ko faifaina ne ya gaji, ya mutu a nan. Da allura ta ɗaga ya buɗe ido ya tambaye ni ko na ji yadda mutumin ya riƙe numfashi. Na ce na ji, ya daɗe kamar kullum, wani ya kamata ya taɓa shi a kafaɗa ya ce ya isa. Yaya ya yi dariya 'yar gajeriya.

Na sa nawa. Da aka zo wurin jita na miƙe zaune, na kama iska da hannu biyu ina kaɗawa, ina yamutsa fuska, duk daga ƙwaƙwalwa, ina ƙirga bugun ganga a zuci don kada in wuce wuri. Yaya ya ce hayaniya ce dai kamar yadda ya bar ta. Musun ranar bai yi nisa ba. Bai ƙarasa shayinsa ba ya ce yana da agogon wani da zai duba, ya tafi. Na ji daɗin tafiyarsa, kuma na ji haushin kaina da na ji daɗin.

Haka muka yi ta yi Asabar bayan Asabar. Shi ya yaba busar da ba na ji, ni in kaɗa jitar da ba na ji. Na lura ya rame kaɗan, na lura ya daina yi mini lacca, amma mai ciwo a jikinsa ba kasafai yake duba fuskar wani ba. Na ɗauka ya gano ni ne yana tausaya mini, wannan ya ƙara ƙona mini rai.

Sai wata Asabar na ji ana nishi a matakala. Na buɗe ƙofa na ga Yaya rungume da kwalin faya-fayansa gaba ɗaya, gumi ya jiƙa masa riga. Kwalin da ko 'ya'yansa bai yarda su taɓa ba. Ya dire shi a tsakar falo ya ce ɗakinsa ya fara danshi, gara su zauna a wurina, in ma ina so in riƙe su duka. Yana share wuya ya ƙara da cewa yana tunanin daina karɓar gyaran agogo, ya tsaya a canjin batir da maɗauri, wai ido ya gaji. Na ce to. A zuciyata kuwa cewa nake, wannan bawan Allah ya kawo wa kurma dukiya. Na yanke shawara yau zan faɗa masa, da zarar allura ta ɗaga.

Ya zaro Mai Tabon Shayi ya ce mu ji shi sau ɗaya. Muna tsakiya, yatsan Yaya yana sama, matata ta turo ƙofa da tire. Ta ajiye kofuna, ta juya za ta fita, sai ta tsaya ta karkata kai wajen kabad. Doka ba ta hau kanta ba, don haka ta yi magana.

"Wai ina mai busar nan ya shiga ne? Wanda yake ja kamar ba zai daina ba. Tun da aka yi fenti ban ƙara jin sa ba. Na zaci kun ji tausayina ne kun sallame shi."

Yatsan Yaya ya sauko a hankali. Ya buɗe ido ya kalli ƙanwarsa kamar bai taɓa ganinta ba.

"Ke ma ba ki ji shi ba?" in ji shi.

"Me zan ji? Ba ga shi nan ba sai dum-dum. Har na maigidan ma, mai kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa, shi ma ya yi tafiya."

Ni ban ma tsaya a kan zagin jitata ba. Na juya wajen Yaya.

"Yaya, tsakaninka da Allah, kana jin busar nan?"

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Rabona da ita tun kafin fenti," ya ce. "Kai fa?"

"Ko ɗigo."

Ban san lokacin da na jawo kujerar cin abinci na hau ba, ni da gwiwata ke ƙara in na tashi daga tabarma. Na kara kunne a lasifikar dama, tana ta aikinta. Na kara a ta hagu, shiru kamar akwatin takalmi. Na juyo da ita. Waya ɗaya ce kawai a jikinta, ɗayar tana lilo a bayan kabad, bakinta da busasshen farin fenti.

Abin haushin shi ne mun sani. Mu biyun mun san tsofaffin faya-fayan nan raba kayan kiɗa suke yi, a zuba wasu a dama, wasu a hagu. Mun taɓa kwashe yamma guda muna musu a kai, Yaya yana cewa hakan ya fi, kamar kana zaune a tsakiyar makaɗan, ni ina cewa wauta ce ta masu ɗaukar sauti na wancan zamani. Da lasifikan suna ƙasa, ɗaya a wannan kusurwa ɗaya a waccan, yaro ma zai gane ɗaya ta mutu. Amma suna can sama a manne da juna, mu kuma kowa ya riga ya yanke wa kunnensa hukunci, ba wanda ya ɗaga kai.

Yaya ya miƙo mini 'yar sukundirebar da ba ya rabuwa da ita. Na fara laluben wayar, sai ya ce in sauko kafin in ƙona gidan ƙanwarsa. Ya hau da kansa, ni na riƙe kujera, matata ta riƙe ni. Ya kankare fentin da farce, ya murɗa bakin wayar, ya cusa. Faifan bai daina juyawa ba duk wannan lokaci, don ba wanda ya tuna da shi. Yana ɗaure sukurun, busar ta faɗo ɗakin daga sama, a tsakiyar doguwar jan nan, cikakkiya, har da ɗan hucin numfashin mutumin a ƙarshenta.

Wani abu da ya daɗe a ƙirjina ya sauka har ƙafa. Daɗi na ji. Yaya yana tsaye a kan kujera, kunnensa kusa da lasifika, hawaye yana bin gefen hancinsa, bai ko ɓoye ba. Muka tsaya a haka har allura ta ɗaga, don doka doka ce.

Daga nan sai dariya ta ƙwace mana. Yaya ya sauko ya zube a kujera yana riƙe ciki. Ya ce tun Asabar ta farko ya koma shago ya jera agogo a tebur yana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, in ya ji tik-tik ya ce na jiya ya fi ƙarfi, har ya mayar wa mutum biyu agogonsu ya ce su kai wani wuri. Ya ce abin da ya gama kashe shi ganina ina kaɗa iska ina yamutsa fuska, ya ce a ransa wannan da injin ya kwashe shekaru yana daka ma yana ji, shi ne ba ya ji. Na ce ni yatsansa ne ya kashe ni. Ya ce yatsan nan ƙirga yake yi, sau biyu ma ya ɗaga shi kafin lokaci, yana addu'a kada in lura. Na ce ina zan lura, ni ma ƙirgar nake.

Matata ba ta yi dariya ba da farko. Ta tsaya da tire a ƙirji ta wanke mu tas. Ta ce manyan mutane biyu, ɗaya da jikoki, kowa yana tunanin ya kurumce, amma ba wanda ya iya buɗe baki ya gaya wa matarsa ko ɗan'uwansa, sai zaman yi wa juna wasan kwaikwayo. Ta ce da ba ta shigo ba haka za mu tsufa muna yaba shiru. Ta ce cikin makon nan za mu je a duba kunnen, mu biyu, ita za ta raka mu, kuma ba shawara take nema ba. Sai da ta kai ƙofar kicin sannan dariyar ta kama ta, muna jin ta tana yi ita kaɗai a ciki.

Na sa Mai Yagaggen Bango, na ƙara murya fiye da yadda maƙwabta za su so. Da jita ta banko ƙofarta ban kaɗa iska ba, na zauna kawai na ji. Da aka gama Yaya ya gyara tabarau ya ce gaskiya lokacin da ba ta nan waƙar ta fi hankali. Na ce mai busarsa ma hutun da ya samu bai koya masa gajarta magana ba. Muka yi musu har shayi ya huce, musu mai daɗi irin na da, har da lacca.

Da zai tafi ya sunkuya ya rungumi kwalinsa. Na tuna masa cewa ya ba ni, kuma ɗakinsa yana danshi. Ya ce ɗakin ya bushe. Amma a bakin ƙofa ya dire kwalin, ya zaro Mai Tabon Shayi ya ajiye a kan tebur, ya ɗaga murya yadda za a ji a kicin, ya ce wannan na ƙanwarsa ne, tunda ita kaɗai ce a gidan nan ta yi kewar mutumin har ta tambaya. Daga ciki ta ce ya ɗauke tarkacensa, ita ba ta son ciwon kai. Bai ɗauka ba.

Mun je asibitin. Kunnen Yaya lafiya lau, har likita ta ce ta ga matasa da ba su kai shi ba, abin da zai yi ta maimaita mini har ƙarshen rayuwata. Nawa na dama, wanda ke fuskantar inji, ya ɗan ragu, amma ta ce in na kiyaye zai kai ni inda za ni. Yanzu ina sa abin toshewar tun daga bakin ƙofar maɗaba'a, mai tsiya ya yi ta yi.

A makon da ya biyo baya aka tashe mu daga aiki da wuri saboda takarda ta ƙare. Na shigo benenmu da rana, lokacin da ba a tsammanina. Ina hawa na farko na ji ta, siririya, daga can sama, ta ratso ƙofa da matakala ta same ni. Busar nan ce, kuma ba kowa a gidan sai matata. Na tsaya riƙe da ƙarfen matakala. Daga nan ƙasa ina jin komai, har ƙarar cokalinta a jikin tukunya tana bin mai ganga. Na san in na buɗe ƙofa za ta kashe ta ce ƙura take gogewa, don haka na zauna a kan matakala na jira gefen ya ƙare.